Barka da Sallah daga Istanbul, ga Hotunan da Na Yi Alkawari

Istanbul, daren ƙaramar sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Umma da dukan mutanen gida. Barkanku da sallah. Ina fatan an sha ruwa lafiya, an sauko daga idi lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Da safe mun gaisa a waya, amma gida cike yake da 'yan yawon sallah, kowa yana son ya karɓa, ga layin yana yankewa, ban faɗi ko rabin abin da ke raina ba. Shi ya sa na zauna bayan isha na rubuto. Auta, ka karanta wa Umma a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Mun riga ku yin idi da nisa. Agogonmu yana gaban naku da awa biyu, kuma a nan rana na fitowa kaɗan ake tayar da salla. Ba sa fita fili kamar yadda muke cika Ƙofar Mata, a masallatai ake yi. Ni a Sulaimaniyya na yi tawa, masallacin da maginin nan Mimar Sinan ya kammala a 1557. Da na dawo, dattijon da ke hawa na ƙasa ya tare ni a bakin ƙofa, ya zuba mini turaren lemo a tafin hannu, ya miƙo alewa. Jikokinsa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sumbaci hannunsa ya ɗora a goshi. Nan take na tuna mu a zaure, durƙushe gaban Baba, muna jiran goron sallah. A nan kuwa, ni da abokai mu shida muka haɗa kuɗi muka yi shinkafa da miyar kaji, amma ba ta kama ƙafar tuwon shinkafa da miyar taushen Umma ba.

Baba, Yaya ya gaya mini kun tambaya me nake yi da kyamara, alhali neman halali ne ya fitar da ni. Tambayar tana kan hanya, kuma ina so in ba ku amsa da bakina.

Shekarata ta farko a garin nan, daga ɗaki sai shagon kago a Laleli, daga shago sai ɗaki. Tun safe muna auna kaya muna ɗaure dila wa 'yan kasuwar da ke zuwa sari, har magariba. Ran Lahadi in kwanta in zuba wa silin ido. Ba na jin yarensu, ba ni da inda zan je, kewar gida ta hana ni sakat. Ban taɓa gaya muku ba don kada hankalin Umma ya tashi. Wata rana aka aike ni Sirkeji, na faɗa cikin kasuwar Hayyam, gini guda hawa-hawa, ba abin da ake sayarwa sai kayan hoto. Wata biyar na yi ina tara kuɗin shayi da na mota, sannan na sayi Canon 600D ta hannu, da gilashi guda mai milimita 50. Wallahi ban taɓa ko sisi daga abin da nake aiko wa gida ba. Tun daga ranar, Lahadi ta zama ranar da nake ɗoki.

Hoton farko a cikin ambulan ɗin da na bayar a kawo muku, a gadar Galata na ɗauke shi. Masu kamun kifi ne ke jeruwa a kanta dare da rana, kowa da sandarsa da bokitinsa. Akwai wani tsoho da na yi Lahadi uku ina tsayawa kusa da shi ban ɗaga kyamara ba, kunya ta hana. A ta huɗu na yi masa sallama, na nuna kyamarar, na nuna hannunsa. Ya yi dariya ya gyaɗa kai. Ku duba hannun da kyau: sanyi da ruwan gishiri sun tsattsaga shi, babban yatsan ya kumbura, amma da shi yake ɗaura ƙugiya ƙarama kamar allura a kan zaren da ido ba ya gani sosai. Da na wanke hoton na kai masa, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya sa shi a aljihun ƙirji, ya kira mai shayi. Har yau in na bi ta wurin sai ya ɗaga mini hannu, yana ce mini ɗansa da yarensu. Hannun nan ne ya tuna mini hannun Kawu bayan ya wuni a marina.

Na biyu shi ne ya fi ba ni wahala. Da azumi suna rataya fitilu tsakanin hasumiyoyin manyan masallatai, su rubuta kalmomi a sararin sama. Mahya suke kiransa. Na farkon wata yana cewa maraba da watan Ramadan. Dare uku ina ɗauka bayan tarawi, duk rubutun ya jirkice ya zama tamkar an ja garwashi a iska. Dalili shi ne da dare dole idon kyamara ya daɗe a buɗe kafin haske ya ishe shi, kusan daƙiƙa biyu, kuma a wannan tsakani ko numfashin mutum yana girgiza ta. Ba ni da ƙafar ɗora kyamara. A dare na huɗu na naɗe hular sanyina na aza kan katangar harabar masallaci, na zaunar da kyamarar a kai, na saita ta ta ɗauka da kanta, na ja baya na riƙe numfashi. Da na duba, kowane harafi ya fito tsaf. Ni kaɗai a wurin nake ta hamdala.

Baba, na uku naku ne. Harabar Ayyub Sultan ce, inda kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda, sahabin da taguwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina. Ku kuka fara ba mu labarinsa muna yara, ban san zan tsaya a gabansa ba. Na yi muku addu'a a can. Daga waje na ɗauka bayan asuba, ga tsohuwar bishiya, ga tattabaru.

Sauran na yawo ne: jirgin ruwan da ke tsallaka mu zuwa Uskudar, ɓangaren Asiya, da tsuntsayen teku suna cafe burodi a iska, kyanwa tana barci kan dilar yadi, ƙanƙara a kan rufin masallaci. Akwai guda da za ku ga ɗigo-ɗigo ne kawai a sama. A kan tudun Camlija na ɗauka ƙarshen watan Agusta. Dangin shamuwa ne, farare masu baƙin fiffike, dubbai, suna ratsa mashigin Bosforus za su gangara ta Masar har Sudan da Chadi. Hoton bai yi kyau ba, na sani, amma na kasa cire shi. Na tsaya ina kallonsu har suka ɓace, raina yana biye da su.

Abin ya fara kawo ɗan taro ma. Wani ɗan Damagaram da muke aiki tare ya yi bikin suna, ya ce in zo in ɗauka. A nan na gane abin da ke sa hotunanmu na baƙar fata ke fitowa fuska duhu: kyamara tana auna hasken farar riga da na bango, sai ta rage, fuskar ta nutse. Sai na riƙa tsayar da mutane kusa da taga ko a inuwa, in ƙara haske kaɗan da hannuna. Mai jego da ta ga hotonta da jaririn, hawaye ta yi, ta ce tunda ta zo ƙasar nan ba ta ga kamanninta na gaskiya ba sai ranar. Daga nan aka kira ni ɗaurin aure biyu. Kuɗin atamfar sallar Umma daga ciki ya fito. Na ɗauki sama da hoto dubu huɗu zuwa yanzu, amma arba'in kaɗai na zaɓa na wanke na jera a kundi. Shi nake nuna wa mai son aiki.

Daren jiya ina juya kundin nan sai gabana ya faɗi. Fuska arba'in, babu ko ɗaya ta gidanmu. Hoton Baba da nake da shi, ɗan ƙaramin nan ne na fasfon aikin hajji. Na Umma kuwa na waya ne, duk ya dushe. Hajiya Kaka, Allah ya jiƙanta, ta tafi ina nan, kuma yau in na rufe ido ina neman fuskarta sai in ji tana kuɓuce mini, zanen gefen kumatunta kawai nake riƙewa. Na san Baba ba ku cika son hoto ba, kuma ba zan matsa ba. Roƙo nake yi: in Allah ya dawo da ni babbar sallah, ku ba ni minti goma, kuna zaune kan buzunku a zaure da allo a gefe, yadda na saba ganinku. Ba zan sa shi a intanet ba, ba zan nuna wa kowa ba, na gida ne da jikoki.

Auta, kafin nan ga aikinka. Gobe da hantsi, kafin Umma ta cire kwalliya, ka zaunar da ita a inuwar bakin ɗaki, hasken tsakar gida yana dukan fuskarta, kada rana ta kasance bayanta. Goge idon wayar da bakin rigarka, ka matso kusa, kada ka jawo hoton da yatsa. Ka sa ta hira har ta manta da kai, sannan ka danna. In an yi hawan Daushe, kada ka tsaya kan dawakai kawai, ka ɗauko mini yaran da ke kan katanga suna leƙe.

Ambulan ɗin yana hannun Alhajin Kantin Kwari da zai taso ran Laraba, tare da alewar lokum ta Gwaggo da safar sanyi ta Kawu. Hotuna goma sha biyu ne, na rubuta sunan wuri a bayan kowanne. A gaishe mini da Yaya da iyalinsa, da Malam na makarantar allo, da maƙwabta gaba ɗaya. Umma, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku da ke Istanbul