Mutum-mutumin da ke kan ginin kasuwar hatsi ta Chicago

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda fasalin dogayen benayen ofisoshi ya sauya a tsakiyar birnin Chicago na Amurka. A 1930 aka kammala ginin Chicago Board of Trade, cibiyar cinikin hatsi, aka kafa masa a ƙololuwa mutum-mutumin Ceres, wadda Romawan dā suka ɗauka ita ce mai kula da amfanin gona. John Storrs ne ya tsara shi da alminiyam, tsawonsa kimanin mita 9, da damin alkama a hannu, amma babu fuska, wai don an ɗauka ba za a taɓa gina benen da za a hango ta daga cikinsa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai magina suka koma ga gilashi da ƙarfe da shimfiɗaɗɗen rufi, inda ake jibge injinan sanyaya iska, har wani bene mai irin wannan fasali ya zarce ginin kasuwar hatsin tsayi a 1965. A ganina an yi asara, domin tsohon ginin yana shaida wa mai wucewa sana'ar masu shi, na yanzu kuwa da wuya ka bambanta banki da kamfanin inshora.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku