Sanarwa: a auna nauyi kafin a ba da magani

Assalamu alaikum, ƴan uwa ma'aikatan jinya. Barkanmu da aiki.

Daga ranar Litinin, duk babban da aka kwantar a sashenmu sai an ɗora shi kan sikeli, an rubuta nauyinsa a takardar magani. A daina ƙiyasi da ido don Allah, ido na yaudara, musamman ga tsoho ramamme cikin manyan kaya.

Dalilin shi ne farasitamol. Giram 1 sau huɗu a rana na mai cikakken jiki ne. Wanda bai kai kilo 50 ba, miligiram 15 ake lissafa masa a kowane kilo, kuma kada ya wuce miligiram 60 a kowane kilo a yini. Mai kilo 40 ke nan, miligiram 600 a lokaci guda, iyakarsa miligiram 2,400 a yini. In aka zarce, hanta ce ke shan wahala, kuma ba ta nuna alama da wuri. Gentamicin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) da enoxaparin (maganin hana daskarewar jini) ma da nauyi ake lissafa su.

Wanda ya ga adadin da bai dace da nauyi ba, ya dakata ya kira likita.

Za mu zauna ranar Alhamis da ƙarfe 2 na rana, kowa ya zo da tambayoyinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Na gode.