Wasiƙa daga Kaduna kan Karatun 'Ya'ya Mata

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta, ya ƙoƙari? Saƙonka ya iso, na ga shawarar ƙungiyarku ta haɗa kuɗi a ƙara aji biyu a firamaren garinmu. Allah Ya saka da alheri. Amma tunda ka ce don 'ya'ya mata kuke yi, ba nan gizo ke saƙar ba.

Sa yarinya aji ɗaya ba shi da wuya yanzu. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce shekara tara kyauta ne kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Inda 'yan mata ke zubewa wuri biyu ne: daga aji shida zuwa JSS 1, sai bayan JSS 3. Firamare tana cikin gari, sakandare kuwa sau da yawa sai an hau babur ko an taka zuwa wani gari. Bayan ɗaliban da 'yan bindiga suka kwashe a Kuriga ta jihar Kaduna cikin Maris 2024, wa zai ga laifin uban da ya hana 'yarsa bin hanyar daji?

A aikace, kyautar ma kuɗin makaranta kawai ta ɗauke. Yunifom da hijabi, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin mota, kuɗin tara, duk suna wuyan iyaye. Ga ban ɗaki: makarantar da ba ta da na mata daban, mai ƙofa da ruwa, yarinyar da ta fara al'ada za ta riƙa fashin kwanaki kowane wata, har karatu ya wuce ta.

Babban abin shi ne talla. Uwa tana cikin gida tana suyar awara ko ƙosai, yarinya ce ƙafarta zuwa bakin tasha. Ribar ce ke shiga adashi, adashin ke sayen gado da katifa da kwanukan jere. Duk ranar da yarinya ta tafi aji, sana'ar uwa ta kwana. Wa'azi ba ya cike wannan gurbi, kuɗi ke cike shi.

Bangaladash ta gane haka. Daga 1994 ta riƙa biya wa 'yan matan karkara kuɗin sakandare, tana kuma zuba musu alawus a asusun banki da sunansu, bisa sharaɗi uku: halartar aji kashi 75 cikin ɗari, cin maki 45 cikin ɗari, da jinkirta aure har jarrabawar ƙarshe. Yau mata sun fi maza yawa a sakandaren ƙasar. Shirin AGILE na Bankin Duniya don karatun 'yan mata a Najeriya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko, shi ma ya haɗa gyaran makarantu da tallafin kuɗi.

Don haka ku fara da rajistar aji shida. Ku ɗauki sunayen 'yan matan tun zango na biyu, kafin a tsai da maganar aure. Ku tambayi iyaye mata nawa talla ke kawowa a mako, tallafin ya kusanci wannan adadi, a damƙa shi a hannun uwa. A biya a makon farko na zango. In aka makara, yarinya ta riga ta koma ga farantinta. Kada ku dogara da rajistar malami kaɗai, don ana cike ta a ofis. Ku sa mata biyu masu mutunci su riƙa leƙa aji ba sanarwa.

Kuma kada ku tsaya a JSS 3. Makarantar jinya da ungozoma tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Koyarwa kuma sai da takardar shaidar malanta ta NCE. Garin da bai yaye 'yan mata daga SS 3 ba, ba zai samu ungozoma 'yar gida ba, kuma ka san magidanta nawa ne ke hana awo idan namiji ne a asibiti. Albashin da za ta kashe a kasuwar garin ma wani gari zai tafi.

Ka turo min adadin da kuka tara, in lissafa muku yara nawa zai ɗauka har shekara shida. A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
amininka a Kaduna.