Wasiƙa Kan Masu Hikimar Birnin Miletus

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne don amsa tambayarka, wato me ya sa ake fara tarihin falsafar Girkawa da mutumin da ya ce asalin komai ruwa ne.

Mutumin shi ne Thales na Miletus, birnin kasuwanci a gaɓar yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. Herodotus, masanin tarihi na Girkawa, ya ruwaito cewa ya yi hasashen wani kusufin rana, wanda masana ke ajiye shi a shekara ta 585 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Maganarsa kan ruwa kuwa ta hannun masanin falsafa Aristotle ta iso mana.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne abin da ya biyo baya. Anaximander, ɗan garinsu da ake cewa almajirinsa ne, bai karɓi maganar malaminsa ba. Ya ga cewa idan ruwa ne tushe, to da tuni ya cinye kishiyarsa wuta, don haka ya ce tushen wani abu ne marar iyaka wanda ba ruwa ba ne, ba wuta ba. Thales ya ce ƙasa tana yawo a kan ruwa, Anaximander kuwa ya ce tana tsaye ba tare da madogara ba, saboda nisanta da kowane ɓangare ɗaya ne, babu dalilin da zai karkatar da ita. Ka duba ƙarfin halin wannan tunani a wancan zamani! Sannan Anaximenes ya zo ya zaɓi iska, ya kuma bayyana yadda take sauyawa: idan ta yi kauri ta zama gajimare, ruwa, ƙasa, har dutse, idan ta saki ta zama wuta. Hujjarsa kowa na iya gwadawa, domin numfashi ta matsattsen leɓe sanyi yake fitowa, ta buɗaɗɗen baki kuma da ɗumi.

Kowannensu ya saɓa wa na gabansa da hujja, kuma wannan ne ya sa nake ganin Thales ya cancanci matsayinsa, domin ya faɗi maganar da za a iya auna ta a ƙi ta.

Farisawa sun rushe Miletus a shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma muhawarar ta ci gaba a Ephesus wajen Heraclitus, da Elea ta kudancin Italiya wajen Parmenides. Ina son jin ra'ayinka kan Anaximander musamman.

Ka gaida mini da Hajiya da yara.

Wassalam,
Amininka.