Masu bishara a kasuwa, a rage lasifika

Malam Edita, barka da aiki. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu fita bishara a Jos, musamman Taminus da Farin Gada. Gaskiya lasifikar nan tun sassafe ta yi yawa, mai tumatir na fama da ciniki kai kana ihu a kansa, a garin da ya sha rikici tun 2001. Matan zumunta sun fi mu iyawa, su gaisa da mutum su tambayi gida da yara, in ya yarda su yi masa addu'a, in ya ce a'a su wuce ba rigima. Don Allah fastoci ku duba wannan.

Mai karatunku, daga Jos