Wasiƙa zuwa ga Malam Habu a Liyon

Zinder, unguwar Birni

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma tambayarka game da abokin aikin nan naku, wanda ka sani da sunan maza sannan aka sanar da ku cewa daga yanzu da sunan mata za a riƙa kira, ba irin wadda ake amsawa ta waya ba ce. Tunda aikin jinya da nake yi ne ya sa ka tuno ni, zan rubuta maka abin da na sani, in raba maka abubuwan da mu a nan gida muke zubawa a ƙwarya ɗaya mu kira su da suna guda.

Ka ce ko mata-maza ne. Da wuya. Mata-maza batu ne na halittar jiki, kuma shi ne wanda mu ma'aikatan lafiya muke gani da idonmu. Akan haifi jariri da al'aurar da ungozoma ba za ta iya cewa ta namiji ce ko ta mace ba, kuma sau da yawa dalilin shi ne wani ɗan sashe da ke zaune a kan ƙoda yana fitar da sinadarin maza fiye da kima tun jaririyar tana ciki. Irin wannan jariri yana iya rasa gishirin jikinsa ya mutu a makonnin farko, shi ya sa muke matsa wa iyaye su kai shi babban asibiti maimakon su ɓoye shi a ɗaka saboda kunya. Akwai kuma yarinyar da za ta girma mace sosai, sai an ga haila ta ƙi zuwa a bincika a tarar ba ta da mahaifa, ƙwayoyin halittarta kuma irin na maza ne. Malamanmu sun daɗe da sanin batun mata-maza. Ka tuna, da mas'alar gadon hunsa mushkili, wato mata-mazan da aka kasa gane ko namiji ne ko mace, Shaihu Halilu ya rufe Muhtasar, inda ake ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace.

Wanda ake kira tarans a can Faransa, shi jikinsa ba shi da wata shubuha. An haife shi namiji sarai ko mace sarai, amma abin da yake ji game da kansa, ji mai ɗorewa wanda yakan fara tun yarinta ko lokacin balaga, bai dace da jikin ba. Gidajen rediyonmu suna cewa masu sauya jinsi, su kuwa mutanen cewa suke yi ba sauyawa suka yi ba, abin da ke ransu ne suka fito da shi fili. Idan ka ji an ce mace tarans, ana nufin wadda aka haifa da jikin namiji take rayuwa a matsayin mace, kamar wadda kake tambaya a kanta. Namiji tarans kuwa akasin haka ne. Ni da kai, da jikinmu da jinmu suka zo ɗaya, sis suke ce mana. Akwai wasu kuma da ke cewa ba su jin kansu maza zalla ko mata zalla. Ƙuncin da rashin dacewar nan ke haifarwa, wanda yakan kai mutum ga ƙin ganin jikinsa ko ƙin jin muryarsa, likitoci suna kiransa disforiya.

Na san ƴan daudu ne suka fara zuwa ranka. Akwai kama, amma kada ka gaggauta. Daudanci a wajenmu ɗabi'a ce da sana'a da zaman jama'a: maza ne masu magana da rangwaɗa irin na mata, suna tuyar kaji da sayar da abinci a tasha, kuma da yawansu suna da mata da ƴaƴa, ba su taɓa cewa su ba maza ba ne. Mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda da a Liyon aka haife shi zai kira kansa tarans, amma ba dukansu ba. Haka kuma batun ya bambanta da na wanda mutum yake sha'awa, domin tarans yana iya son maza, ko mata, ko ya zauna ba ruwansa da kowa.

Shi sauyin kansa ba aikin rana ɗaya ba ne, kuma yawanci ba da wuƙar likita yake farawa ba, kodayake ita ce kullum mutane suke tambaya. Yakan fara da suna da tufafi da yadda ake kiran mutum. Sai takardu: a Faransa tun dokar 2016 ana canza sunan yanka a ma'aikatar magajin gari, ana kuma canza jinsi a takardar haihuwa ta hanyar kotu ba tare da an tilasta wa mutum tiyata ba. Ajantina ta riga su tun 2012, a can bayanin mutum kaɗai ya isa. Sannan sai magani. Mace tarans ana ba ta istirojin, wato sinadarin mata, tare da abin da ke danne sinadarin maza, sai ƙirji ya fito, fata ta yi laushi, ƙiba ta koma ƙugu, amma murya ba ta sirancewa kuma gemu ba ya ɓacewa da kansa. Namiji tarans ana ba shi testostiron, wato sinadarin maza, sai haila ta tsaya cikin watanni, gemu ya tsiro, murya ta yi kauri, kuma wannan kaurin ba ya komawa ko an daina shan maganin. Magungunan nan biyu suna iya rage ikon haihuwa, istirojin yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, testostiron kuma yana sa jini ya yi kauri, don haka dole a riƙa gwajin jini. Abin da ke ba ni tsoro a irin ƙasashenmu shi ne saurayin da zai sayi ƙwayoyin tazarar haihuwa wajen masu tallar magani a faranti ya riƙa haɗiya a ɓoye, domin irin istirojin da ke cikinsu ya fi kowanne kawo daskarewar jini. Tiyata ita ce ta ƙarshe, kuma da yawa ba sa yin ta sam.

Likitocin duniya ma ra'ayinsu ya yi ta juyawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan hali daga babin cututtukan taɓin hankali ta mayar da shi babin lafiyar jima'i, sabon kundin kuma ya fara aiki a 2022. Inda gardama ta fi zafi shi ne batun yara: a Ingila, a 2024, shekarar da likita Hilary Cass ta kammala bincikenta, an daina ba ƙananan yara maganin tsayar da balaga yadda aka saba, saboda hujjar amfaninsa ba ta yi ƙarfi ba. A ganina taka-tsantsan ɗin nan daidai ne.

Ta fuskar addini ka fi ni sani, amma ga abin da ya tabbata. Hadisin Ibnu Abbas a Buhari ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, sai dai Imamu Nawawi ya bambanta wanda aka halitta da wannan ɗabi'a, wanda ya ce ba laifi a kansa, da mai ƙirƙirar ta da gangan. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta yanke a 1989 cewa gyaran tiyata ya halatta ga hunsa, ya haramta ga mai cikakkiyar halitta, kuma a kan wannan akasarin malaman Sunna suke. Iran ta bi wata hanya dabam, domin Ayatullahi Khumaini ya halatta tiyatar tun shekarun 1980.

Game da zamanku a wurin aiki, shawarata ita ce ka kira ta da sabon sunan da aka sanar da ku, kada ka koma wa tsohon sunan, domin a wajensu wannan cin fuska ne babba, kuma dokar Faransa ta hana nuna bambanci a kan wannan dalili. Kada ka tambaye ta ko an yi mata tiyata, kamar yadda ba za ka tambayi kowa abin da ke ƙarƙashin tufafinsa ba. Kiran mutum da sunansa ba fatawa ba ce, kuma ba wanda ya nemi ka bar aƙidarka kafin ku yi aiki tare.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Su Alhaji Mamman suna gaishe ka.

Naka,
Issufu