Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Neja, Mohammed Umaru Bago, Kan Marigayi Janar Mamman Kontagora

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wata 'yar magana ce ta yaro ta sa na ɗauki alƙalami.

Na je Samaru, harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, bikin yaye ɗalibai, ɗan ƙanwata na cikin waɗanda suka gama. Muna tsaye a filin taron da ake kira da sunan Mamman Kontagora, rana ta take, masu hoto na ta jan hannun riga, sai na tambaye shi ko ya san mai sunan. Ya gyara hularsa mai tuntu ya ce, "Kawu, ba sunan garinmu ba ne?" Yaron nan injiniyanci ya karanta, kuma a Kontagora aka yanke masa cibiya. Na yi dariya a wurin, amma a mota da muke komawa abin ya tsaya mini a rai.

Ranka ya daɗe, ka san mutumin, amma bari in faɗa saboda masu karatu. An haife shi a 1944. Yana cikin rukunin farko da suka shiga Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna da aka buɗe a 1964, ya yi aikinsa a ɓangaren injiniyoyin soja har ya kai Manjo Janar. Su ne sojojin da ba a cika yi wa kirari ba, masu kafa gada cikin dare domin runduna ta tsallake kogi, masu tono nakiya kafin kowa ya taka. Da wannan horon ya riƙe Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje a zamanin Janar Babangida, kuma yana kan kujerar aka buɗe babbar gadar nan ta uku ta Legas a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda har gobe take ɗauke da birnin.

A 1995 gwamnatin Abacha ta tura shi Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin kantoma. A nan ne ra'ayi ya rabu, kuma ba zan ɓoye ba. Malamai da yawa sun ga cewa ɗora soja a kan jami'a cin fuska ne ga ilimi, kuma suna da hujja. Ni kaina da ina da ƙuri'a a lokacin, da ban ba shi ba. Sai dai ko waɗanda suka yi adawa da zuwansa, in hira ta yi nisa, za ka ji suna cewa mutum ne mai son ya ga aiki da idonsa. Ya bar Zariya a 1998, Janar Abdulsalami ya ba shi ministan Abuja har aka miƙa mulki a 1999. Aikinsa na ƙarshe shi ne mataimakin shugaban kwamitin SURE-P, shirin gwamnatin tarayya na yin ayyuka da kuɗin da aka rage daga tallafin man fetur. Allah ya karɓi abinsa ranar 29 ga Mayu, 2013.

Shekara 12 cif bayan nan, a wannan rana, ruwa ya ci Mokwa, fiye da mutum 150 suka rasu, gada ta karye. Kafin nan, a 2017, gadar Tatabu ta yanke, manyan motoci suka yi ta kwana a hanya. Jihar da madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru suke cikinta kullum tana cikin kokawa da ruwa, kuma kokawar nan ta injiniyoyi ce.

To ga roƙona. Suna a jikin gini yana da shi, a Samaru da kuma Marina ta Legas, ba ƙari nake nema ba. Abin da ke salwanta shi ne ilimin aikin. Hafsoshin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, da safiyo-safiyo da magina na ma'aikatar ayyuka, duk sun manyanta, kowace shekara ana rage wasu. A tura masu bincike daga jami'ar jiha ta Lapai su zauna da su da na'urar ɗaukar magana. A nemi iznin iyalansa a tattara takardunsa da hotuna a wuri guda da ɗalibi zai iya shiga. Sannan a ware gurbin tallafin karatu da sunansa ga 'ya'yan sojojin da suka rasu a bakin aiki, masu son karanta injiniyanci. Jihar Neja ta binne sojoji da yawa a shekarun nan, marayunsu na nan a bariki da ƙauyuka.

Kuɗin duka bai kai na kwalbati biyu ba. Idan an tashi, ina da sunayen dattawa uku a garinmu da ya kamata a fara da su, ɗaya ma ba ya fita sai Juma'a.

Allah ya jiƙan Janar, ya yi maka jagora.

Naka,
Wani tsohon ɗalibin Samaru, daga Kontagora